Ɗalibin Duwala da Yajin Masu Tsinkar Tumatir a Nardo

Ranar 8 ga Yunin 1990 aka buɗe gasar cin kofin duniya a birnin Milan na Italiya, kuma tun a wasan farko aka ga abin mamaki. Kamaru, wadda ba wanda ya sa ta a lissafi, ta doke Ajantina mai riƙe da kofin da ci ɗaya da nema, ga Maradona a cikin fili, ga 'yan wasan Kamaru biyu an kora waje da jan kati. Daga nan Roger Milla, mai shekara 38 a lokacin, ya shiga zura ƙwallaye yana taka rawa a kusurwar fili, har Kamaru ta shiga sahun ƙasashe 8 na ƙarshe, inda Ingila ta tsayar da ita da ƙyar. A birnin Duwala akwai wani yaro mai shekara 5 da wannan gasa ta shiga ransa, sunansa Yvan Sagnet. Ba ƙwallon kaɗai ta tafi da hankalinsa ba, har ƙasar da aka buga ta. Ya tashi yana goyon bayan Juventus, Roberto Baggio ne gwaninsa, ya kuma duƙufa koyon Italiyanci tun bai san ranar da zai taka ƙasar ba.

A shekarar 2007 burinsa ya cika. Ya sami gurbi da tallafin karatu a babbar makarantar fasaha ta birnin Turin, inda ya fara karatun injiniyan sadarwa. Ina so mai karatu ya riƙe wannan da kyau: Sagnet bai bi ta Agadez ba, bai kwana a Sahara ba, bai hau jirgin roba daga gaɓar Libiya ba. Ta ƙofa ya shiga, da biza a fasfonsa, takardunsa cif-cif. Duk abin da ya same shi daga baya, ya sami mutumin da ya bi ƙa'ida ne tun daga farko.

Tallafin karatun nan yana da sharaɗi: sai ɗalibi ya ci jarrabawoyinsa a kan lokaci. A 2011 wata jarrabawa ta kuɓuce masa, tallafin ya tafi tare da ita. Ga kuɗin makaranta yana jira, ga haya, ga ci da sha, kuma a Turin aiki ya yi wuya domin tattalin arzikin ƙasar yana cikin halin ni-'yasu. Wani aboki ya ba shi shawarar ya gangara kudu, can ana neman masu tsinkar tumatir da kankana a lokacin zafi, mutum zai iya tara ɗan abin da zai rufa wa kansa asiri kafin a koma makaranta. A ƙarshen watan Yuli ya kama hanyar da ta haura kilomita 1,000, zuwa wani gari da ake kira Nardo, a lardin Lecce na yankin Puliya, can ƙuryar kudu maso gabashin ƙasar.

Yanki ne mai albarkar noma, ga zaitun, ga inabi, ga kankana, ga tumatir iya ganin ido. Italiya tana cikin ƙasashe uku da suka fi kowa sarrafa tumatir a duniya, tare da Amurka da Sin, kuma Puliya na cikin manyan wuraren da ake noma shi. Saboda kuɗin da yake kawowa, jan zinariya suke kiransa. Amma wurin da Sagnet ya sauka ba ya kama da Italiyar da ya gani a talabijin, ba ya ma kama da Turin da ya baro. Wani tsohon gidan gona ne a bayan gari mai suna Masseria Boncuri, wanda hukumar garin ta bayar don saukar 'yan ci-rani, wasu ƙungiyoyin sa-kai biyu, Finis Terrae da Brigate di Solidarietà Attiva, suna kula da shi iya ƙarfinsu. An kafa tantuna na mutum kamar 200, amma waɗanda suka taru sun ninka haka. Akwai 'yan Tunisiya, akwai 'yan Sudan, akwai 'yan Gana da Burkina Faso da sauran ƙasashen yammacin Afirka. Wanda bai sami tanti ba sai ya haɗa kwali da leda ya yi bukka, ko ya shimfiɗa abin da ya samu a gindin itace. Sagnet ya ba da labarin cewa tsohuwar katifa ya saya a kan yuro 5, ya kwanta a kanta a ƙasa. Layin ruwa daban, layin bayan gida daban. Ya sha faɗa daga baya cewa ko a Kamaru bai taɓa ganin mutane suna zaune a irin wannan hali ba.

A nan ya fara sanin mutumin da ake kira kaporale. Mai gona ba ya zuwa sansani neman ma'aikata, yawancin leburorin ma ba su taɓa ganin fuskarsa ba. Kaporale, wato ɗan kamasho, shi ne yake tsaye a tsakani: shi zai yi ciniki da mai gona, shi zai zaɓi wanda zai fita aiki yau da wanda zai wuni a zaune, shi zai ƙirga abin da kowa ya tsinka, kuɗin ma ta hannunsa za su biyo. Tun wajen ƙarfe 3 na dare ake tashi. Motarsa ƙaramar bas ce mai kujeru 9, amma sai a cusa mutum 20 ko fiye, wasu a kan katako, tagogi a rufe don kada 'yan sanda su hango. Gonakin suna da nisa, babu motar haya da ke zuwa can, kuma ko mutum yana da keke ba a gaya masa inda aikin yake. Wanda ya riƙe makullin mota shi ya riƙe abincin kowa.

Ba da awa ake biya ba, da akwati ake biya. Wani ƙaton akwatin roba ne mai cin kilo 300. Sai ka tumɓuke tushen tumatir ɗin gaba ɗaya, ka girgiza shi 'ya'yan su zube, ka kwashe, ka sake sunkuyawa, haka har akwatin ya cika. Ladansa yuro 3.50. Wato kowane kilo guda da mutum ya ɗaga, santi ɗaya da 'yar ɗoriya ne rabonsa. A ranarsa ta farko, daga asuba har yamma, cikin zafin da ke kaiwa digiri 40, Sagnet akwati 4 ya iya cikawa, kuɗinsa yuro 14. Daga ciki ɗan kamasho ya cire 5 na mota, 3.50 na burodin rana, 1.50 na gorar ruwa, domin ba a yarda ka zo da abincinka ko ruwanka ba, a wurinsa za ka saya. Yuro 4 ya rage masa. Wanda hannunsa ya faɗa da aikin yakan cika akwati 6 ko 7, shi ma a cire masa wannan goman. In rana ta kayar da mutum a gona, kai shi asibiti ma da kuɗinsa ne. Duk wannan kuwa a ƙasar da yarjejeniyar ƙwadagon noma ta ƙayyade aikin yini a awa 6 da rabi.

Mai karatu zai ce, to me ya hana su kai ƙara? Dokar ƙasar ce da kanta ta ɗaure su. Tun 2002 dokar shige da fice da ake kira Bossi-Fini ta haɗa izinin zama da takardar aiki: in aikinka ya ƙare, ba ka sami wani cikin wa'adin da aka ɗiba ba, izininka ya mutu, ka zama wanda ake nema a kora. A 2009 aka ƙara da wata doka da ta mai da zama babu takarda laifi. Mutumin da ke cikin wannan hali, in ya tunkari ofishin 'yan sanda, kansa ya kai. 'Yan kamasho sun san haka sarai. Har wata dabara gare su: sai su karɓi takardun wanda yake da izini da sunan za a rubuta masa kwantiragi, su riƙe su kwana da kwanaki, su yi amfani da su wajen rufe wasu marasa takarda in masu bincike sun zo. Mai takardar kuma ba ya iya motsawa ko'ina sai an dawo masa da ita.

Abin da ya fi ci mini rai a labarin nan shi ne, da yawa daga cikin 'yan kamashon ba Turawa ba ne. 'Yan Afirka ne, waɗanda su ma jiya a sunkuye suke cikin gonar. Mutum ya daɗe a ƙasar, ya iya harshen, ya sayi tsohuwar mota, sai ya hau wuyan na bayansa. Kowane ɗaya 'yan ƙasarsu yake tarawa, ɗan Sudan da 'yan Sudan, ɗan Tunisiya da 'yan Tunisiya, yana yi musu magana da harshen gida, yana nuna shi ne gatansu a baƙuwar ƙasa. Da haka sansanin ya rabu gida-gida, kowane rukuni yana kallon ɗan'uwansa a matsayin wanda ya zo ƙwace masa aiki. Mai gona yana can gefe, hannunsa bai taɓa komai ba.

Kwanaki kaɗan Sagnet ya yi yana wannan aiki kafin ranar 30 ga Yuli. A safiyar ranar, ɗan kamashon da suke ƙarƙashinsa ya zo da sabon umarni. Yau ba girgizawa za a yi ba, tumatir ɗin na kai wa kasuwa ne ɗanye, don haka sai an tsinke shi ɗaya bayan ɗaya, a zaɓi mai kyau a bar marar kyau. Aikin ya ninka, akwatin ba zai cika da wuri ba. Ma'aikatan, su kamar 40, suka nemi ƙarin kuɗi daidai da ƙarin wahalar. Abin da ya yarda zai ƙara bai taka kara ya karya ba. Sun saba haɗiye irin wannan, amma ran nan ba su haɗiye ba. Suka miƙe, suka bar akwatunan a inda suke, suka koma sansani. Da suka isa suka tarar da waɗanda ba a ɗauka aiki ba a ranar, suka gaya musu abin da ya faru, sai aka ɗunguma aka tare babbar hanyar da ta wuce ta gaban gidan gonar. 'Yan sanda suka zo, 'yan jarida suka biyo baya. Da yamma aka yi taron gangami a tsakar sansanin, aka yanke shawarar gobe babu mai shiga motar kowa.

Ba daga sama wannan ƙarfin hali ya faɗo ba. A cikin mutanen Boncuri akwai waɗanda suka yi shekaru suna aiki a masana'antun arewacin Italiya kafin durƙushewar tattalin arziki ta 2008 ta raba su da aikinsu. Sun san takardar albashi, sun san ƙungiyar ƙwadago, sun san cewa abin da ake yi musu a gona haramun ne ko a dokar ƙasar. Akwai 'yan Tunisiya da watanni kaɗan kafin nan suka ga jama'a sun kori Ben Ali daga mulki. Sannan masu aikin sa-kai da ke sansanin sun daɗe suna wayar wa mutane kai a kan haƙƙinsu. Sagnet shi ne sabon zuwa a cikinsu, kuma ba shi ya fi su shan wuya ba. Abin da ya kawo shi gaba shi ne harshe: yana jin Faransanci da Ingilishi da Italiyanci, yana iya tsayawa gaban kyamara ko gaban jami'in gwamnati ya faɗi magana a tsare. Kowace al'umma ta fitar da wakilinta, duk abin da aka faɗa a taro sai an juya shi zuwa Larabci da Faransanci da Ingilishi kafin a ci gaba. Taron yakan ja lokaci, amma a karon farko ɗan Gana ya ji daga bakin ɗan Sudan cewa kuɗin da ake cire masa shi ake cire wa kowa.

Buƙatunsu ba su da yawa. A rubuta wa kowa kwantiragi na gaskiya. A ɗauki ma'aikaci kai tsaye ta ofishin samar da aiki, ba ta hannun ɗan kamasho ba. A ƙara lada. Masu binciken ƙwadago su riƙa shiga gonaki. A samar da mota da wurin kwana irin na 'yan Adam. Tun tsakar dare suke fitowa su tsaya a bakin sansani, duk motar da ta zo ɗiban mutane su lallashi waɗanda ke shirin shiga su sauko. Makaminsu ɗaya ne, kuma duk manomin rani a Kadawa ko Kura ya san shi: tumatir in ya nuna ba ya jiran kowa. Kowace rana da ta wuce ba a tsinka ba, dukiyar mai gona ce take ruɓewa a ƙasa.

Su ma dai ranar tana cin su. Wanda bai fita aiki ba bai da abin sayen abinci, bai da abin aika wa gida, kuma a gida ana jira. Watan azumi ya kama a farkon Agustan shekarar, ga shi da yawansu Musulmi ne. Mutanen yankin masu tausayi da ƙungiyoyi suka shiga tara shinkafa da taliya da ɗan kuɗi ana kawowa, ƙungiyar ƙwadago ta ma'aikatan gona, FLAI-CGIL, ta mara musu baya. 'Yan kamasho kuwa ba su zauna ba. Suka canza wuraren ɗaukar mutane, suka nemo wasu leburori daga wani wuri, suka riƙa bi ɗaya-ɗaya suna rarrashi da tsoratarwa. Sagnet kansa an yi masa barazanar kisa. Yajin ya ja har cikin Agusta, sannan ya fara sanyi, domin yunwa ta fi ƙarfin wasu, kakar ma ta doshi ƙarewa. An zauna teburin sulhu a ofishin wakilin gwamnati da ke Lecce, wasu ma'aikata sun sami kwantiragi, an kuma amince a buɗe rajistar da masu gona za su riƙa ɗaukar ma'aikata daga cikinta. In a ma'aunin abin da ya shiga aljihu za a auna, ribar ba ta da yawa.

Sai dai kafin a watse, abubuwa biyu sun faru waɗanda suka fi ƙarin lada nauyi. Na farko, wasu daga cikin ma'aikatan sun cire tsoro sun je gaban hukuma sun ba da shaida, da sunaye da wurare. Na biyu, ƙasar gaba ɗaya ta gani. Ranar 13 ga Agustan 2011, gwamnatin Silvio Berlusconi ta fitar da wata dokar gaggawa kan matsalar bashin da ya dabaibaye ƙasar, kuma a cikinta aka saka sashen da ya mai da sana'ar kaporale babban laifi, mai hukuncin ɗaurin shekara 5 zuwa 8 da tarar yuro 1,000 zuwa 2,000 a kan kowane ma'aikaci. Kafin wannan rana, 'yar tara kawai ake ci. Gaskiya ne ƙungiyoyin ƙwadago sun daɗe suna neman wannan doka, sun ma ƙaddamar da gangami a kanta tun farkon shekarar. Amma mako biyu bayan mutanen da ba su da ƙuri'a, wasunsu ba su da ko takardar zama, sun ajiye aiki a Nardo, sai ga ta ta fito.

Ba wannan ne karon farko da wahalar ɗan Afirka a gonar tumatir ta motsa dokar Italiya ba. A watan Agustan 1989 'yan fashi suka harbe Jerry Masslo, ɗan Afirka ta Kudu da ya gudo daga mulkin wariyar launin fata, a wani kango da masu tsinkar tumatir ke kwana a Villa Literno. Kisansa ya fito da dubban mutane kan titunan Roma, ya kuma kai ga dokar Martelli ta 1990, wadda ta buɗe ƙofar neman mafaka ga waɗanda ba Turawa ba. A Janairun 2010 kuma, a Rosarno, bayan an harbi wasu masu tsinkar lemo, 'yan Afirka suka yi bore, aka kwashe su daga garin a motoci. Bambancin Nardo shi ne ba gawa ce ta yi magana ba, ba kuma fushin dare ɗaya ba ne. Rayayyun ma'aikata ne suka zauna suka tsara abin da suke so, suka tsaya a kai.

Dokar 2011 tana da babban giɓi: ɗan kamasho kaɗai ta kama, ta bar mai gonar da ya ɗauko shi. Sai da aka sake rasa rayuka kafin a toshe shi. A watan Yulin 2015 wata mata 'yar Italiya mai shekara 49 ta faɗi ta mutu tana aiki a gonar inabi kusa da Andria. Mako guda bayan haka wani ɗan Sudan mai shekara 47 ya yanke jiki ya faɗi a gonar tumatir a yankin Nardo ɗin nan dai, bai tashi ba. Mutuwar matar ta nuna wa 'yan ƙasa cewa abin bai tsaya kan baƙi ba. A Oktoban 2016 majalisa ta zartar da doka mai lamba 199, wadda ta ce mai gonar da ya ci gumin ma'aikaci shi ma mai laifi ne, ko da ɗan kamasho ko babu, kuma ana iya ƙwace dukiyar da aka tara ta wannan hanya.

Shari'ar Nardo kuwa ta yi ta hawa da sauka. Jami'an tsaro sun fara bincike tun kafin yajin, shaidar ma'aikatan ta ƙara masa ƙarfi, a watan Mayun 2012 aka kama masu gonaki da 'yan kamasho da dama a shari'ar da aka sa wa suna Sabr. Sagnet yana cikin waɗanda suka tsaya gaban kotu suka ba da shaida. A Yulin 2017 kotun Lecce ta sami wasunsu da laifin bautar da mutane, ta yanke hukuncin da ya kai shekara 11. A 2019 kotun ɗaukaka ƙara ta wanke mafi yawansu daga wannan tuhuma. A 2022 kotun ƙoli ta soke wankewar, ta ce a sake shari'a. A lokacin, shekara 11 ke nan bayan yajin, ma'aikacin da ya sa ransa a haɗari ya ba da shaida yana jiran a gaya masa ko abin da aka yi masa bauta ce ko ba bauta ba.

Shi dai Sagnet ya koma Turin ya ƙarasa karatunsa a 2013, amma bai bi hanyar injiniya ba. A 2012 ya wallafa littafi a kan abin da ya gani, mai suna Ama il tuo sogno. Ya yi aiki da FLAI-CGIL yana zagaya sansanonin 'yan ci-rani, a 2015 kuma shi da Leonardo Palmisano suka fitar da Ghetto Italia, inda suka bi irin waɗannan matsugunai daga kudu har arewa. A 2017 shugaban ƙasa Sergio Mattarella ya ba shi lambar girmamawa ta ƙasa. Lambar ba ta rushe bukka ko ɗaya ba. A watan Maris na 2017 ɗin gobara ta ci 'yan Mali biyu a babban sansanin Rignano da ke lardin Fojiya. A Agustan 2018, cikin kwana uku, ma'aikatan gona 16 'yan Afirka suka mutu a haɗarin mota biyu a wannan lardi, suna dawowa daga tsinkar tumatir, a cunkushe cikin irin motocin nan.

Zagayen da ya yi ne ya kai shi ga fahimtar da nake ganin ita ce mafi nauyi a duk tafiyarsa. Ɗan kamasho shi ake gani, amma ba daga kansa abin ya fara ba. Manyan kantunan da ke sayar wa jama'a kayan abinci su suke yanke farashi. A lokacin, wasunsu har gwanjo suke yi na juyi: su tara masu sarrafa tumatir, kowa ya faɗi farashinsa, sannan a ɗauki mafi arha a ce a sake fafatawa daga nan zuwa ƙasa. Mai masana'antar da ya ci gwanjon sai ya matse manomi, manomi ya duba inda zai rage, ba zai rage kuɗin taki ba, ba zai rage na mai ba, sai na mutumin da ba shi da bakin magana. Zaren ma ya miƙe har ya dawo Afirka. Tumatirin gwangwani mai arha daga Italiya da Sin ya cika kasuwannin yammacin nahiyar, masana'antar tumatir ta Pwalugu a arewacin Gana ta daɗe a rufe, kuma a gonakin Fojiya ana samun 'yan Gana da suka bar noman tumatir a gida saboda ba ya biya, suka haye teku suka zo suna tsinkar na wani.

Don haka ya kafa ƙungiyar NoCap, ya juya ya fuskanci kasuwar kanta. Tsarin mai sauƙin faɗa ne, mai wuyar aiwatarwa. Sai a sami kantin da ya yarda zai sayi kaya a farashin da zai ishi manomi ya biya ma'aikaci bisa doka. Sai a sami manomin da ya yarda a shiga gonarsa a duba. Sannan ƙungiyar ta shiga sansanoni ta ɗauko ma'aikata, a rubuta musu kwantiragi, a duba lafiyarsu, a ba su takalma da safar hannu, a sama musu ɗaki mai ruwa da wuta, a kai su gona kyauta a mota mai kujera ɗaya ga mutum ɗaya. Kayan da aka samar ta wannan hanya sai a buga musu tambari, mai saye ya san abin da yake saya. A 2019 aka fara da rukunin kantunan Megamark na Puliya da ma'aikata kusan 100, kwalaben tumatir masu tambarin NoCap suka hau kanta. Ga wanda ya samu shiga, amfanin ya wuce albashi, domin kwantiragi da adireshin gida su ne abin da ake nema wajen sabunta izinin zama.

Wasu abubuwan sun motsa tun daga lokacin. Garin Nardo ya hana aikin gona da tsakar rana a watannin zafi tun 2016, a 2021 kuma yankin Puliya gaba ɗaya ya bi sahu, daga ƙarfe 12:30 zuwa 4 na yamma, bayan wani matashi ɗan Mali ya mutu a kan kekensa yana komawa daga gona kusa da Brindisi. A ƙarshen 2021 aka haramta gwanjon nan na juyi a cinikin kayan abinci. Amma rahoton da cibiyar bincike ta FLAI-CGIL ta fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa kimanin mutum 230,000 ne suke aiki a gonakin Italiya ba bisa ƙa'ida ba, kuma a Borgo Mezzanone, kan wani tsohon filin jirgin sama a lardin Fojiya, dubban 'yan Afirka suna kwana cikin bukkokin kwano da katako a duk lokacin kaka. Waɗanda NoCap ta iya fitarwa kaɗan ne ƙwarai a cikin wannan adadi, domin ba ta iya ɗaukar ma'aikaci ko ɗaya sai ta sami kantin da ya amince ya biya farashin. Aikin da Sagnet yake yi ke nan a yanzu: daga ofishin masu kantuna zuwa gonaki, daga gonaki zuwa sansanoni, yana neman ƙarin masu saye da za su sa hannu kafin kaka ta gaba.